Mita na nuna ful amma taraktar ba ta jimawa, wane batir ne ke ja da baya?

Tambaya: Salam Malam, ina da ƙaramar taraktar lambu mai aiki da lantarki, batir shida ne a ciki masu 6V, an jera su sun ba da 36V. Bayan caji mitar gaba tana nuna ful, amma da na fara yankan ciyawa ko na hau ɗan tudu sai ƙarfi ya mutu. Ya zan yi in san lafiyar kowane batir shi kaɗai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai mitar nan jimilla kawai take ba ka, ko da biyar lafiyarsu ƙalau ɗaya ya gaji ba lallai ta nuna ba, kuma tunda a jere suke wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, shi ya sa raggon cikinsu ke tsayar da kowa, in ka ci gaba da matsa masa ma sai ya ƙarasa lalacewa.

Ka samu multimita (mitar hannu ta auna wutar lantarki), ka yi caji ya cika, ka bar su su huta na wasu awanni sannan ka auna kowanne. Batirin ruwa mai 6V in ya cika zai ba ka wajen 6.3 zuwa 6.4. Wanda ya nuna 4 da ɗan wani abu to ɗaya daga cikin sel uku (ɗakunan da ke cikin batirin) ya yi shot, ba sai an ja magana ba. Amma fa awon hutu yana yaudara, batir mai ciwo yakan nuna 6.3 yana zaune, sai an ɗora masa lodi asirinsa ke tonuwa. Don haka ka maƙala mita a kan batir ɗaya inda za ka iya hangowa, ka hau tudun nan, ka rubuta lambar da ta faɗo, ka maimaita wa sauran a hanya ɗaya. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin dubawa, wanda ya nutse ƙasa da 'yan'uwansa sosai shi ne ɓarawon.

In masu murfi ne, haidiromita (abin auna nauyin ruwan batir) ta fi komai faɗin gaskiya don sel-sel take aunawa: cikakke wajen 1.265 zuwa 1.280, tazarar 0.050 tsakanin sel biyu kuwa alamar matsala ce. Ka sa tabarau da safar hannu, asid ne.

Masu son gani kullum suna sa wa kowane batir ƙaramar mitarsa, yana da kyau, sai dai don Allah kowace siririyar waya a sa mata fis dab da kan batir, in ba haka ba ranar da ta goge da ƙarfe ja za ta yi kamar garwashi. Kar kuma ka haɗa baƙaƙen wayoyin mitocin wuri ɗaya, shot ne kai tsaye. Ka sa musu makunni, don su ma suna shan wuta a hankali.

In ka kama mai laifin, fara da goge kawuna da ɗaure su, duba ruwa, ka yi cajin daidaitawa (ƙarin caji bayan cikawa don sel-sel su zo daidai) in masu ruwa ne. In ta kai ga canza shi kuma sauran ma sun tsufa, sabo ɗaya a cikinsu ba zai ji daɗi ba, gara a canza duka.