Kafin ka yanka katako, duba inda safayarka take

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da Golf 3 mai dogon baya, kana bin kasuwannin ƙauye da takalma da jakunkuna, kaya na danne juna a but, kana son kanta mai arha da za ka haɗa da hannunka. Irin motar nake ja, kuma sau biyu na yi wannan aiki, domin kantar farko ta koya mini hankali.

Ita ta farkon dunƙulalliya na yi ta, kamar akwatin amarya, ta cika but dam, na bi ta da ƙusa ta ko'ina. Kowa ya gani sai ya yaba. Ran nan ina dawowa daga kasuwar Wudil bayan magariba, tayar baya ta yi faci. Sai a lokacin na tuna safayar Golf a ƙarƙashin daɓen but take, ga kanta zaune a kanta daram. Sai da na sauke kaya kaf a bakin titi, ni da yarona muka ɓamɓare katakon da wilsifana, muna haskawa da waya. Washegari itacen girki uwargida ta yi da ita.

Saboda haka ta biyun gida biyu na yi, dama da hagu, kowane kamar ƙaramin benci da mutum ɗaya zai iya zarowa. Tsayinta na auna da kwalin takalmi uku a kan juna. Manyan kaya su shige ƙasa, marasa nauyi su hau sama. In taya ta yi faci, ka zaro su, ka ɗaga kafet, shi ke nan.

Kada ka dogara da tef kaɗai wurin awo, but ba ɗaki ba ne. Wurin taya ya kumburo ciki ta gefe biyu, bayan kujera a kishingiɗe yake, ƙofar ma ba a miƙe take rufuwa ba. Samu babban kwali ka riƙa yanka da almakashi har ya zauna daidai, ka rufe but ka tabbatar bai taɓa gilashi ba, sannan ka ɗora shi a kan katako ka zana. Kafintan da ya yanka mini dariya ya yi da ya gan ni da kwali, amma ko inci ɗaya ba mu sake gyarawa ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Filawud falle guda ƙafa 8 ne da ƙafa 4, kuma rabinsa ma ya kusa isar ka. In kana Kano, leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa, ko ka tambayi kafintocin unguwa ragowar da suka yanke, nan arhar take. Mai kaurin rabin inci, wato milimita 12, ya isa takalma, muddin ka sa masa ƙafa a tsakiya don kada ya lotsa. Mai milimita 18 ya fi ƙarfi, amma cikakken fallensa ya haura rabin buhun siminti nauyi, kuma kullum kana yawo da shi a tsadar man nan. MDF kuwa, wato fallen da ake yi da garin katako da aka matse da gam, rabu da shi. Sumul yake, ga ban sha'awa, amma jarka ta yi yoyo sau ɗaya ko ruwan damina ya bi ta robar ƙofa, sai ya kumbura kamar burodi a shayi. Ƙafafu ka yi da tu-bai-tu (katako mai inci biyu da biyu) busasshe, ɗanye yana murɗewa in ya sha zafin mota.

Ƙusa ba ta jure gargada. A hankali take zamewa, sai ka ji kanta tana ƙiiƙii a bayanka tun daga gida har kasuwa. Sa gam na katako, irin su Top Bond, ka ɗaure da sukuru. Saman kuma ka manna guntun kafet, masu ɗinkin kujerun mota suna da ragowa, yana hana kaya sulɓewa. Ƙarƙashin ƙafafun na yanka tsohon tub na taya na liƙa, ƙarar ta ɗauke.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ɗauri. Duk abin da ba a ɗaure ba a mota, in ka taka birki da ƙarfi shi bai san ka tsaya ba, gaba zai ci gaba da tafiya, kuma a gaban akwai ƙeyarka. Don haka kada kantar da kayan da ke kanta su wuce saman kujerar baya, madubi ma ya samu ganin hanya. Ka yi mata baki na inci uku ko huɗu ta gaba da gefe. Duba kusurwoyin but, yawancin motoci masu dogon baya suna da ƙananan zobba na ƙarfe, nan za ka ratsa igiya mai ƙarfi ko bel ɗin ɗaure kaya. In babu, mai walda ya lanƙwasa maka ɗan ƙarfe a kama da notin da ke jikin motar tun asali. Kada ka huda daɓen mota da kanka, tankin mai da bututun birki da wayoyi duk ta ƙasa suke bi. Kada kuma ka taɓa notin bel ɗin kujera.

Ka bar wani ɗan lungu a bakin ƙofa don jak, wilsifana, abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Jami'an kiyaye haɗurra suna tambayar biyun nan na ƙarshe, kuma ba daɗi ka tsaya kana tona takalma ana jiran ka. Nawa a hagu suke, na ɗaure su da robar tub.

Ta biyun nan ta shekara uku tana aiki, sukuru biyu kawai na sake ɗaurewa. In ka yanka kwalin, turo hotonsa a cikin but ɗin mu gani kafin ka kai wa kafinta. Allah ya ba da kasuwa.