Kyanwa a gidan haya: yadda abin yake a Ingila

Yaya, ka ce an gaya maka a nan Ingila mai gida ba shi da ikon korar ɗan haya don ya ajiye kare ko kyanwa. Da ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai wanda ya ba ka labarin ya tsallake rabinsa.

A da, ƙarƙashin sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988, mai gida kan ba ɗan haya notis na wata biyu ya tashi, ko dalili ba sai ya faɗa ba. Wa zai yi gigin neman izinin kyanwa a wannan hali? Sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya, wadda aka sa wa hannu ranar 27 ga Oktoban 2025 aka kuma tsayar da 1 ga Mayun 2026 don fara aiki da ita, ta soke wannan sashe. Yanzu sai da hujjar da doka ta amince da ita, kuma in ɗan haya ya ƙi fita sai an je kotu. Misalin irin wannan hujja shi ne bashin haya na wata uku, ko mai gida zai sayar da gidan ko zai koma ciki da kansa, wanda a nan notis wata huɗu ne, kuma ba a tashin mutum da wannan hujja cikin shekararsa ta farko. A ganinmu wannan ne ainihin gatan mai dabba, ya ma fi sashen da ya ambaci dabbobin.

Ga yadda ake neman izinin ajiye dabba a ƙarƙashin sabuwar dokar. Ɗan haya zai rubuta wa mai gida takarda, ya bayyana dabbar: irinta, girmanta, shekarunta. Mai gida na da kwana 28 ya amsa a rubuce, kuma ba zai ƙi don son rai kawai ba. In fulat ne a bene, kuma masu ginin gaba ɗaya sun hana dabbobi a yarjejeniyarsu, to ƙin nasa ya halatta. Haka in ɗaki ɗaya ne aka ce za a sa ƙaton kare. Amma "ba na son kyanwa" ba hujja ba ce.

Abin da ba a gaya maka ba shi ne wannan haƙƙi na wanda ya riga ya shiga gida ne. Mai neman haya da dabba a hannu, dillali na iya tsallake shi ya ɗauki wani. Wanda yake zaune ɗaki a gida ɗaya da mai gidan ma ba ya ciki.

Batun kuɗi kuwa, tun dokar 2019 kuɗin ajiya, wato wanda ɗan haya ke ajiyewa jingina lokacin shiga gida, ba ya wuce hayar mako biyar in hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma ba a ƙara wani abu a kai da sunan dabba. Daga cikinsa ake cirar kuɗin ɓarna, kuma a nan mutanenmu suka fi kwana ciki, don galibinmu kyanwa muke ajiyewa saboda yara, ba kare ba. Fitsarin kyanwa yakan ratsa kafet ya sauka cikin soson da ke ƙarƙashinsa. A wanke sama fes, ana kunna na'urar ɗumama ɗaki warin ya taso, ƙarshe sai an ɗaye duka. Ƙwan ƙuma ma yakan kwanta a kafet ya ƙyanƙyashe bayan mutum ya tashi. Shi ya sa muke cewa a ɗauki hoton kowane lungu ranar shiga, har gindin ƙofa da labule, a adana takardar lissafin kayan gida.

Babban kuskure shi ne a fara kawo dabbar sannan a nemi izini. In yarjejeniya ta hana, ka karya ta ke nan, ka ba mai gida abin kai wa kotu. Izinin baki ma ba abin dogaro ba ne, musamman ranar da aka canza dillali.

Akwai kuma dokar dabbar kanta. Tun 10 ga Yunin 2024 dole a sa wa kyanwa 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata kafin ta kai mako 20, in ba haka ba tara na iya kaiwa fam 500. Likitan dabbobi ke sawa. Kaji, ko guda ɗaya ce a bayan gida, sai an yi mata rajista da hukuma saboda murar tsuntsaye.

Ragon layya da ka tambaya kuwa, dokar hayar ba ta san da shi ba, don dabbar yanka ce. Yanka irin namu sai a mayanka mai lasisi. Mukan ba mahaucin halal oda tun kafin Sallah, ko mu turo muku kuɗin ku yanka a gida.