Kiɗan Hindustani: Me Zamani Ya Taɓa a Cikinsa?

Tambaya: Malam, na taso da waƙoƙin fina-finan Indiya, kwanan nan kuma na fara sauraron kiɗansu na asali na arewacin ƙasar, wanda ake kira Hindustani. Shin yadda nake jin sa yau haka yake a da?

Amsa: Ginshiƙinsa na nan daram, ɗan'uwa. Har gobe raga ce, wato tsarin sautuka da ƙa'idar hawa da saukarsu, sai tala, zagayen bugu, kamar tintal mai bugu 16. Abin da ya canza shi ne mai biyan mawaƙi, da lokacin da ake ba shi, da kayan kiɗan da ke mara masa baya.

A da kiɗan fada ne. Sarakunan Gwalior da Rampur da Jaipur su ke ɗauke da mawaƙa, ɗalibi kuma ya tare a gidan malaminsa shekara da shekaru yana koyon salon gida ɗaya, abin da suke kira gharana. Bayan 'yancin kai a 1947 masarautu suka narke cikin ƙasa, mawaƙi ya koma dogaro da rediyo da kuɗin tikiti. Tun kafin nan ma mawaƙi Paluskar ya buɗe makarantar kiɗa a Lahore a 1901, masanin kiɗa Bhatkhande kuma ya kasa ragogi rukuni 10 ya rubuta su a littafi. Ilmin da ake rowarsa sai ya fito fili. Illar ita ce salon gidaje ya cakuɗe, ɗalibin yau yana tsintar na kowa a YouTube.

Inda aka fi jin jiki shi ne lokaci. A fada ana iya shafe sa'a guda ana warware raga ɗaya, a fara da alap, buɗewa a hankali ba ganga. Da mawaƙiya Gauhar Jaan ta shiga faifai a Kalkata a 1902, minti uku kacal faifan ke ɗauka, dole ta dunƙule komai. Yau ma alap ne ake fara datsewa don a kai ga gudu da wasan tabla, wato tagwayen ganguna, inda tafi yake. Ga wata asara kuma: kowace raga da lokacinta, amma taro da yamma ake yi, shi ya sa ragogin safe irin su Todi da Lalit suka yi wuyar ji a dandali.

Sai kayan kiɗa. Sarangi, mai kama da goge, ita ke bin muryar mawaƙi a da, domin tana iya zamewa daga sauti zuwa sauti ba yankewa. Wannan zamiyar ita ce meend. Harmoniyam, akwatin kiɗa mai aiki da iska, ba ya iya ta, maɓallansa a kafe suke, har gidan rediyon Indiya ya haramta shi daga 1940 zuwa 1971. Duk da haka shi ya ci kasuwa, don ya fi sauƙin koyo. A ganina nan an yi ciniki da hasara. Tanpura mai tsirkiya huɗu, mai riƙe wa mawaƙi sautin tushe, ita ma yanzu manhajar waya ce ke yawan maye gurbinta.

Riba kuwa akwai ta. Bismillah Khan ya ɗauko shehnai, mai kama da algaita, daga gidan biki ya kai ta babban dandali, Shivkumar Sharma ya yi wa santur ta Kashmir, mai tsirkiyoyi da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna, haka. In kana son jin tsohon taku, nemi dhrupad, tsohon salon waƙar Hindustani, na gidan Dagar, ka ware masa minti 40, kada ka tsallake alap ɗin.