Hita ta daina ɗumama ruwa: kafin ka sayo sabon elemen

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce hitar banɗakinka mai cin lita 50 ta daina ɗumama ruwa a tsakiyar sanyin nan, fitila tana kamawa, kuma an ba ka shawarar sayen sabon elemen, wato ƙarfen da ke cikin tanki yana ɗumama ruwan. Dakata tukuna, kada ka fitar da kuɗinka. Wace fitilar ce take kamawa? Akwai ja a jikin makunnin bango, akwai kuma ta jikin hitar kanta. Ta bango ba ta nuna komai sai cewa wuta ta iso makunni. Ta jikin hita kuwa, a yawancin irin da ake sa wa a gidaje nan Sakkwato, wuta sai ta ratsa tamostat, na'urar da ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, take isa gare ta. In ita ce ke kamawa amma ruwa ya ƙi zafi bayan awa biyu, elemen ne abin zargi. In ba ta kamawa, ciwon yana kan hanyar wuta kafin ta kai gare shi.

Don Allah kafin ka kwance murfin robar da ke ƙasan hita, kashe makunni, ka kashe bireka, ka taɓa wayoyin da tasta, sukundireban gwajin wuta, don ka tabbata babu wuta. A tsaya kan busasshen wuri da takalmin roba. Banɗaki ba wurin wasa da wuta ba ne.

Da ka buɗe, fara da ido da hanci. Waya da ta yi baƙi, roba da ta narke, ƙaurin ƙuna, duk alamar sukurun da bai ɗauru ba ne. Ya yi ta zafi har ya cinye bakin wayar. Sai a yanke wurin da ya ƙone, a fere, a ɗaure tam. Sannan duba jikin tamostat, za ka ga ɗan maɓalli ƙarami, wani ja, wani kuma a cikin rami sai da tsinken ashana ake kai masa. Shi ne ke yanke wuta idan zafi ya wuce ƙima. Danna shi, in ka ji ƙas, to dama ya faɗi ne. Hitoci da yawa nan gyaransu ke ƙarewa. Amma in ya sake faɗuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, kada ka mayar da dannawa al'ada, kuma kada ka yarda wani ya tsallake shi da waya. Ko dai tamostat ya daina yankewa a kan lokaci, ko farar ƙasar da ruwa ke bari ta lulluɓe elemen.

Gwajin elemen sai da mitar hannu ta masu gyaran wuta, wato maltimita. Wuta a kashe, zare tamostat ko wayoyin da ke kan ƙafafunsa biyu, juya mita zuwa om 200, ka ɗora tsinkayen a kan ƙafafun. Mai wat 1500 lafiyayye zai ba ka wajen om 35, mai wat 2000 wajen 26, mai wat 1200 wajen 44. In allon mita bai motsa ba, zaren ciki ya tsinke, ba shi da gyara. Sai gwaji na biyu, wanda mutane suka fi mantawa: mita a kan ma'auni mafi girma, tsinke ɗaya a ƙafar elemen, ɗaya a ƙarfen jikinsa. Bai kamata ka ga lamba ba. In ka gani, bututun ya fashe, wuta tana bin ruwa. Irin wannan ne ke kayar da bireka, ko famfo ya riƙa jan hannu. Kada kowa ya yi wanka da ita sai an canza, a kuma duba wayar at mai kore da rawaya, wadda ke kai wutar da ta zurare ƙasa, tana ɗaure.

In elemen ya fita lafiya, auna ƙarfin wutar gidan. A bolt 230, lita 50 na ruwan hunturu kan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi da elemen mai wat 1500. Idan wuta ta sauko 170, ƙarfinsa yakan koma kusan rabi, sai ya nemi awa uku. Ga shi wutar ba lallai ta daɗe haka ba. Sai a ce hita ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Idan ta tabbata canji za a yi, rufe ruwan shiga, buɗe famfon zafi, ka zubar da na ciki ta bakin bututun sanyi, sannan ka kwance notocin. Masu amfani da ruwan rijiyar burtsatse, ku shirya ganin farar ƙasa ta daskare a jikinsa kamar ɓawon ƙwai, wani lokaci har a kwashe cikin kwano daga gindin tankin. Ita ce ke riƙe zafi a jikin elemen har ya ƙone. Tafi kasuwa da tsohon a hannu, domin bakinsu da tsawonsu ba ɗaya ba ne. Haɗa da sabuwar robar baki, da ɗan sandan nan na maganiziyam da ke kare tanki daga tsatsa, in ka tarar ya cinye.

Sai a binciki abin da ya kashe tsohon. Sau da yawa tankin sama ne ya ƙare, ruwan hita ya sulale baya saboda bawul ɗin da ke kan bututun sanyi ya lalace ko an cire shi, aka kawo wuta elemen yana a bushe. Minti kaɗan ya isa ya ƙone. Saboda haka bayan ka ɗaura sabo, buɗe ruwa ka bar famfon zafi a buɗe. Zai yi ta tari yana fesar iska. Sai ruwa ya miƙe yana zuba ba yankewa, ka duba bakin roba ba ɗiga, sannan ka kunna, ka sa tamostat wajen digiri 60.