Za a iya kai Facebook ƙara kan bidiyon 'yan ta'adda?

Malam, ka ce ƙaninka a Tudun Wada ya fara kallon wa'azin 'yan ta'adda a Facebook, kana tambaya ko doka za ta kama kamfanin. Allah Ya shirye shi. Amsar ta danganta da ƙasa.

A Amurka, inda yawancin kamfanonin sada zumunta irin su Facebook suke, sashe na 230 na wata dokar 1996 ya ce ba a ɗaukar kamfani a matsayin wanda ya wallafa abin da wani ya ɗora. A 2023 ma Kotun Ƙolinsu ta ƙi ɗora wa Twitter alhakin harin ISIS a Istanbul, ta ce barin saƙo a dandali bai kai taimaka wa harin ba. Ni dai hukuncin bai kwanta min ba, domin su ke turo wa yaro bidiyo bayan bidiyo. Turai ta fi matsa musu, tarar tana iya kaiwa kashi 6 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya.

A nan gida, ƙa'idar 2022 ta NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, ta tilasta musu cire haramtaccen abu idan hukuma ta sanar da su. Amma wanda ya yaɗa shi ne doka ta fi saurin kamawa. Na sha ganin an tura irin bidiyon a guruf ɗin WhatsApp na unguwa da sunan “jama'a a yi hattara”. Kada ka yi haka. Ka kai rahotonsa ga kamfanin, ka ajiye hoton shafin da ranar.

Maganar ƙara kuwa, sai ka zauna da lauya. Shi kuma yaron, ka haɗa shi da malamin da yake jin maganarsa tun yanzu.