Mun ɗora tsoffin takardu a intanet amma ba mai leƙawa, ina mafita?

Tambaya: Salam Malam, ni ma'aikaciyar laburare ce a wata jami'a. Mun yi sikanin tsoffin jaridu da takardun ajami mun ɗora a intanet, amma ɗalibai ko leƙawa ba sa yi. Wani ya ce mu sa wasa a ciki, anya wannan ba raina ilimi ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Toh ina kyautata zaton duk wanda ya shigo muku abin da yake fara cin karo da shi ɗan akwatin bincike ne fayau, shi kuwa akwatin nan wanda ya riga ya san abin da yake nema kaɗai yake wa amfani. Yaron da bai taɓa jin Gaskiya Ta Fi Kwabo ba, balle ya san a 1939 aka fara buga ta a Zariya, me zai rubuta a ciki? Kamar mai shago ne ya kulle kaya a sito ya tsaya bakin taga yana cewa me kake so.

Wasan da ake nufi shi ne a bar mutum ya yi yawo ya taɓa. Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam a 2012 sun saki hotuna 125,000, ka zuƙo hoto ka yanki inda ya burge ka, ka haɗa naka tarin, har ka sauke ka buga a riga in ka ga dama. Laburaren ƙasar Finland kuma a 2011 da kwamfuta ta kasa karanta tsoffin jaridunsu daidai sai suka mai da gyaran gem, kalma ta fito ka rubuta ta daidai, kowace kalma ta zama katako a gadar da wasu 'yan dabbobi za su tsallake rafi, in ka kuskure gadar ta raunana. Ni wannan ya fi kama da matsalarku, don ajamin hannu har yau manhaja na shan wuya da shi, ɗalibin da ya yi makarantar allo kuwa zai karanta miki layi biyu yana jiran lakca.

Amma ki bi a hankali da maki da muƙami. A Old Weather, wani shafin intanet inda a da ake kwafe bayanan yanayi daga littattafan tsoffin jiragen ruwan sojan Ingila, wanda ya fi kwafa shi ke zama kyaftin, ya zaburar da wasu, wasu ko da suka ga ba za su kamo na sama ba sai gwiwarsu ta yi sanyi. Sannan takardun cinikin bayi ko shari'ar gado ta iyalan da jikokinsu ke raye, wannan ba abin gem ba ne ko kaɗan.

Ku fara da mai araha, maɓalli ɗaya mai cewa "nuna min wani abu" ya jefo shafi ko wanne, da wani mai nuna jaridar rana irin ta yau shekaru 70 baya. Ku rage nauyin hotunan don Allah, yawancinsu da waya za su shigo kuma data ta yi tsada.