Firintata na yawan sauka daga Wi-Fi: in gyara ko in sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar turaren wuta da humra a gida a Zariya. Ina da ƙaramar firinta mai aiki da Wi-Fi da nake buga sitikar kwalabe da rasit, kuma yaran unguwa kan kawo takardun makaranta in buga musu su biya. Damuwata ita ce yawan ɓacewarta: yau laftof na ganin ta, gobe ya ce babu ita, musamman in an ɗauke wuta an dawo da ita. Mai gyara ya ce ta gaji, in sayi sabuwa. Kuɗin da ke hannuna kuwa na saro kayan haɗin Sallah ne. In cira daga ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kada ki taɓa kuɗin saro kaya. Yadda kika kwatanta matsalar nan, da wuya a ce firintar ce ta mutu. In kika sayo sabuwa kika ɗora ta kan tsarin da ke gidan yanzu, mai yiwuwa ne ita ma ta fara wannan ɓuyan kafin wata ya zagayo, ga jari ya ragu ana gab da lokacin ciniki.

Akwai gwajin da zai raba gardama tsakaninki da mai gyara. Ki duba bayan firintar, za ki ga ramin kebul na USB, mai kusurwa huɗu. Ki nemo kebul ɗinsa, ko na aro ne, ki haɗa ta da laftof ki buga shafi biyu ko uku. In rubutu ya fito tas, injin lafiyarsa ƙalau, laifin na hanyar da saƙo ke bi ne daga laftof zuwa gare ta. Firintar da ta gaji da gaske tana da alamominta daban: cin takarda, layi-layi a rubutu, ƙara mai kama da karyewar wani abu a ciki, ko ƙin kamawa gaba ɗaya.

Maganar ɗauke wuta da kika yi, nan gizo ke saƙar. Rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida, ita ke ba kowace na'ura lambar da za a same ta da ita, wadda ake kira adireshin IP. Ba kyauta take bayarwa ba, aro ne. Duk sanda wuta ta ɗauke ta dawo, ko aka juya daga NEPA zuwa janareta, tana iya sake rabon, firinta ta samu wata lamba daban, laftof kuma yana can yana aika aiki zuwa tsohuwar. Kamar a sauya wa mutum rumfa a kasuwa ne cikin dare, kwastoma ya zo da safe ya tarar da wani a wurin. Akwai kuma ta biyu: firinta ta fi rauta saurin tashi. Tana kamawa sai ta nemi Wi-Fi, ba ta samu ba domin rautar ba ta gama shiri ba, wasu firintocin kuma daga nan sai su haƙura da nema.

Za ki iya gane wanne ke faruwa. A cikin saitin firintar akwai wurin da za ta buga miki takardar bayanin haɗinta da Wi-Fi. Ki buga ɗaya ranar da take aiki, ki buga wata ranar da ta ɓace, ki jera su. In adireshin IP da ke kan duka biyun ya fara da 192.168 amma lambar ƙarshe ta bambanta, sauya mata adireshi ake yi. In kika ga lamba mai farawa da 169.254, ko sifili zalla, ba ta samu adireshi daga rautar ba sam.

Maganin wucin gadi ba ya cin ko kwabo: in wuta ta dawo, ki bar rauta ta tashi tukuna, ki ba ta kamar minti biyu, sannan ki kunna firinta. Na dindindin shi ne a shiga saitin rautar a keɓe wa firintar adireshi guda da ba zai riƙa sauyawa ba. Yadda ake shiga yana rubuce a ƙarƙashin rautar, galibi lambar da ake rubutawa a burauza 192.168.0.1 ce, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin na Huawei. Bayan an keɓe, a cire firintar daga Windows a sake sa ta, ana rubuta wannan adireshin da hannu maimakon a bar kwamfuta ta lalubo ta da kanta. Aikin 'yan mintuna ne ga wanda ya sani, kuma shi ne ya kamata mai gyaran ya fara yi kafin ya yanke wa injin hukunci.

Ba ki faɗi abin da kike samun Wi-Fi da shi ba. In da wayarki kike raba shi, to ai duk sanda kika fita kai kaya, Wi-Fi ɗin ya bi ki, kuma wayoyi da yawa kan kashe rabon da kansu in an jima ba a yi amfani da shi ba. Ƙaramar MiFi ta aljihu ma haka, tana yin barci don tattalin batir, tana kuma da iyakar na'urorin da take ɗauka, ga yaran gida kowa ya maƙala wayarsa. Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: buga takarda daga laftof zuwa firinta a gida ɗaya ba ya buƙatar data. Tsohuwar rauta da ba ta da ko layi a ciki za ta iya wannan aikin. Banda firintocin da aka ɗaure da tsarin kamfani irin HP+, waɗanda sai da intanet.

Sauran dalilan ƙanana ne, a duba su a wuce. Wi-Fi na tafiya a zango biyu, 2.4GHz da 5GHz, yawancin firintocin gida kuwa zangon 2.4GHz kaɗai suke kamawa, sabbin rautoci kuma kan haɗa 2.4 da 5GHz ƙarƙashin suna ɗaya, sai a raba musu suna a sa firinta da laftof a na 2.4. Tsofaffin firintoci ba su san sabon tsarin tsaron Wi-Fi mai suna WPA3 ba, a mayar da shi WPA2 a saitin rautar. Kada a sa ta a Wi-Fi ɗin baƙi, domin shi ana hana na'urorin da ke kai ganin juna. A kashe mata dogon barcin tattalin wuta. A kuma matso da ita kusa da rauta, don bangon siminti biyu da ƙofar ƙarfe sun isa su raunana sigina.

Ni dai a nawa ganin, wadda ke neman kuɗi da firinta ba ta da dalilin dogaro da Wi-Fi kaɗai. In laftof da firinta ɗaki ɗaya suke, ki bar kebul ɗin nan a jone, Wi-Fi ya zama na ranar da za ki buga daga waya. In kuma akwai abin da ya cancanci ki kashe wa kuɗi bayan kebul, ƙaramin batirin nan ne da ake jona wa rauta don kada ta mutu in an ɗauke wuta, sai abin kare kaya daga wuta mai ƙarfi. Dukansu ba su kai kusa da kuɗin sabuwar firinta ba. Ki kuma yi hattara da saƙon da ke cewa ki sabunta manhajar cikin firintar. Sabuntawa kan gyara matsalar Wi-Fi wani lokaci, amma in kina amfani da katrij, wato mazubin tawada, wanda ba na kamfanin ba, wasu firintocin HP kan daina karɓarsa bayan an sabunta. Ki tambayi mai sayar miki da tawada kafin ki danna.

Ranar sayen sabuwa za ta zo, amma lissafi ne zai kawo ta. Ki ware littafi na firinta kaɗai, kada ki cakuɗa da cinikin turare. Ki rubuta kuɗin katrij, ki ƙirga shafin da ya buga kafin ya ƙare, ki raba, ki ƙara kuɗin takarda da na man janareta. Abin da ya fito shi ne kuɗin shafi ɗaya. Masu ƙaramar firinta mai katrij da yawa in suka yi wannan lissafin sukan tarar da abin da suke karɓa a hannun yaran unguwa da ƙyar yake mayar da tawada. In haka ne a wurinki, ko ki ƙara farashi, ko ki fara tara kuɗin bugun a gefe don sayen mai tankin tawada, irin Epson EcoTank ko jerin G na Canon, waɗanda suka fi tsada a saye amma shafinsu ya fi arha nesa ba kusa ba. In kin tashi saye, ki nemi mai ramin kebul ɗin da ke tafiya kai tsaye zuwa rauta.

Game da sitikar kwalabe kuma, tawadar ruwa kan dame in humra ko gumin hannu ya taɓa ta, kwalba mai damammen suna kuwa tana rage wa kaya daraja. Tunda na Sallah za ki yi da yawa, ki je wurin masu ɗab'i ki ji nawa za su buga miki ɗari biyar ko dubu a takarda mai sheƙi, ki gwada da lissafin littafinki.

In za ki kira mai gyara, wannan ko wani, ku yi ciniki a kan aikin saiti kaɗai, kuma ki ce masa sai an gwada za ki biya. Gwajin shi ne ya gama, ku kashe rauta da firinta da laftof daga soket, ku sake kunnawa, ki buga rasit daga laftof da kuma waya. Ku maimaita sau biyu yana tsaye. Ki sa ya rubuta miki adireshin da ya keɓe da kalmar sirrin shiga rautar a takarda, ki manna a gefen firintar.